Kurakuran da aka fi yi wajen kunna SSH da shiga kwamfuta daga nesa

SSH hanya ce ta shiga wata kwamfuta daga nesa a ba ta umarni a rubuce, kuma duk abin da ke wucewa tsakanin na'urorin biyu a ɓoye yake tafiya. Tatu Ylönen ne ya ƙirƙiro ta a Finlan a 1995, amma wadda aka fi aiki da ita yau ita ce OpenSSH, wadda ta fito a 1999. Yawancin matsalolin da masu koyo ke fuskanta suna faruwa ne saboda ba su karanta saƙon da kwamfuta ta mayar musu, alhali shi ne ke nuna inda cikas ɗin yake.

Kuskure mafi yawa shi ne zaton cewa tunda umarnin ssh yana aiki a kwamfuta, to ana iya shigarta daga waje. Manhajar fita daban take da manhajar karɓar baƙo, kuma Ubuntu na tebur, wani nau'in tsarin Linux, ba ya zuwa da ta biyun. Idan aka ga "Connection refused", galibi an isa kwamfutar amma babu mai sauraro a ƙofa ta 22, wato lambar mashigar da SSH ta saba amfani da ita. Gyaransa shi ne sudo apt install openssh-server, sannan sudo systemctl enable --now ssh, domin ta riƙa tashi da kanta duk lokacin da wuta ta dawo. A Windows 10 da 11 ana ƙara OpenSSH Server daga saituna, a Mac kuwa ana kunna Remote Login.

Saƙon "Connection timed out" yana nufin ba a ma isa kwamfutar ba. Wani lokaci katangar tsaro ce ta toshe hanya, sai a buɗe da sudo ufw allow ssh. Sau da yawa kuma adireshi ne: wanda ya fara da 192.168 na cikin gida ne, ba zai yi aiki daga Birni zuwa Sabon Gari ba, balle daga Damagaram zuwa Yamai. Mai amfani da intanet ta layin salula yakan raba adireshin waje ɗaya da wasu masu layi da yawa, don haka sai ya bi ta VPN, wato keɓantacciyar hanyar haɗa na'urori ta cikin intanet, kafin a iske kwamfutarsa. Haka nan bayan an ɗauke wuta, na'urar rarraba intanet na iya canja wa kwamfutar lamba, shi ya sa ya kamata a tsayar mata da adireshi guda.

Kuskuren da ya fi tsada, a ganina, shi ne mutum ya kulle kansa a waje. Daidai ne a hana shiga da kalmar sirri ta hanyar sa PasswordAuthentication no a fayil ɗin /etc/ssh/sshd_config, amma sai bayan an ƙera mabuɗi da ssh-keygen -t ed25519, an aika shi da ssh-copy-id, an kuma tabbatar yana buɗewa. A duba gyaran da sudo sshd -t, a bar tagar farko a buɗe, a gwada shiga ta wata sabuwa. Wanda ya tsallake wannan mataki, sabarsa (kwamfutar da yake shiga daga nesa) kuma tana Yamai shi yana Damagaram, to tafiyar kusan kilomita 900 ce ke gabansa, ko kuma roƙon wanda ke kusa da ita. Idan SSH ta ƙi mabuɗin saboda wasu na iya karanta shi, umarnin chmod 600 a kan fayil ɗin yana warware matsalar. Mabuɗin rabi biyu ne: rabin da ke ƙarewa da .pub kaɗai ake bayarwa, ɗayan ba ya barin kwamfutar mai shi.

Gargaɗin da ke cewa shaidar sabar, wato alamar da SSH ke gane ta da ita, ta canja ba abin gogewa da gaggawa ba ne. A fara tambaya ko an sake girka tsarin kwamfutar. Idan haka ne, ssh-keygen -R tare da adireshin zai share tsohuwar shaidar, idan kuwa ba wanda ya taɓa ta, kada a shiga.

Inda reso ke yawan yankewa, a riƙa gudanar da dogon aiki cikin manhajar tmux a kan sabar, domin ya ci gaba ko da haɗin ya tsinke, a koma masa da tmux attach.