Hitar gas ta ƙi kamawa? Ga ɓarnar da kuke yi da hannunku

Duk shekara da hunturu ya shigo Jos, daga ƙarshen Nuwamba har cikin Janairu, sai wayata ta fara ƙara, Malam hitarmu ta ƙi kamawa, Malam ta kama ta mutu. Ni fa ba mai gyara ba ne, kawai na daɗe da ita kuma na taɓa kashe guda ɗaya da hannuna, shikenan ƴan unguwa suka maida ni injiniya. To na gaji da maimaita magana ɗaya, bari in rubuta kowa ya karanta.

Na farko, kuma wanda ya fi ba ni haushi saboda ni ma na yi shi, mutum ya danne makunni gas na fita yana ta ƙyas ƙyas ƙyas sau ashirin wuta bata kama ba, kuma bai tsaya ba. Gas ɗin nan ya fi iska nauyi, baya tashi sama ya watse, ƙasa yake kwanciya ya taru a gindin hitar. Wata asuba a gidanmu na Anguwan Rogo sanyi ya ishe ni, na durƙusa na kai fuskata kusa ina leƙen tartsatsin, ina dannawa ina dannawa, sai kawai naji bum, wuta ta taso ta lashe min gashin gira da gefen gemu, uwargida ta fito da gudu tana salati, sati biyu ina yawo kamar wanda aka yi wa aski da reza a fuska. Allah ne ya kiyaye labule bai kama ba. Tun daga ranar in na gwada sau 3 bata kama ba sai in rufe regileta, wato kan da ake ɗaurawa a bakin tukunyar gas, in buɗe ƙofa da taga, in ba ta minti 5 cif kafin in sake taɓawa. Wasu na cewa na cika tsoro, eh na yarda.

Sai masu sakin makunni da wuri. Akwai wani ɗan siririn ƙarfe kusa da ƴar ƙaramar wutar nan ta failot wadda ke kunna babbar wutar, masu gyara na ce masa tamokofil, aikinsa sai yaji zafi sannan ya riƙe hanyar gas a buɗe, in bai yi zafi ba kana saki zai rufe. Ka danne daƙiƙa 20 zuwa 30 bayan wutar ta kama, ni ƙirgawa nake a zuci. In ka yi haka ta ƙara mutuwa, duba ko harshen wutar na taɓa kan ƙarfen, ko baƙin hayaƙi ya rufe shi, ko notin da ya ɗaure shi ta baya ya saki. Amma dan Allah masu ɗaure makunnin da roba ko waya don ya zauna a danne, me kuke nufi ne wai? Na shiga gidan wani abokina a Bukuru na tarar ya ɗaure nasa da robar tayar keke yana min alfahari wai ya yi dabara, yara uku na kwance a ɗakin. Abin da zai yanke gas in iska ta kashe wutar cikin dare shi ka kashe da hannunka. Kuma da yawan hitocin nan an ƙera failot ɗinsu ne ya mutu da kansa in iskar ɗaki ta yi ƙaranci, to in ka toshe ƙofa da taga har da tsumma a ƙarƙashin ƙofa ta mutu bayan awa ɗaya, lafiyarta ƙalau, iska take nema, buɗe taga kaɗan. Ni dai bana barci da ita a kunne ko da sanyi zai kai ina, hayaƙin kabon monoksaid mai guba ne kuma bashi da wari bashi da launi.

Yanzu wadda ta cinye min kuɗi. Hita ta shafe wata tara a sito, ƙurar hunturu da yanar gizo-gizo sun toshe ɗan ramin da gas ke fita na failot, ni kuma da wayona na ɗauko allurar ɗinki na sosa. Ramin nan ƙanƙane ne sosai kuma auna shi aka yi, allura ta faɗaɗa shi, wutar da ya kamata ta zama shuɗiya ƴar tsaye ta koma ruwan ɗorawa tana lilo tana baƙin hayaƙi. Na zaga Terminus da Dilimi kwana biyu ina neman irinsa ban samu daidai ba, ƙarshe hitar ta koma abin ɗora kwanuka, sabuwa na saya. Hurawa ake yi, da famfon keke ko busasshen buroshin haƙori, bayan ka cire tukunyar gas. Kar ƙarfe ya shiga ramin nan.

Sauran ƙanana ne. In ka canza tukunya akwai iska a cikin tiyo, sai ta fita kafin gas ya iso, kar ka ce ta lalace. In taka mai batir ce duba batirin kafin ka kira kowa, sau nawa ina zuwa gidan mutane in tarar AA guda ɗaya ne ya mutu. In ba tartsatsi, goge bakin ɗan tsinken da ke fitar da tartsatsin ka duba ko wayarsa ta zare, tazararsa da bakin failot kamar milimita 3 zuwa 4 ce. Regileta mai ƙaramin matsi hita take so, mai 28 zuwa 30 milibar ga yawancin waɗanda ake kawo mana, ka duba rubutun da ke bayan hitarka, banda irin mai murɗawa ta manyan murhun masu abincin biki. Kar ka kwantar da tukunya wai don ragowar gas ya fito, ruwan gas ne zai shiga regileta.

Gwajin yoyo kuma da kumfar sabulu ake yi a mahaɗar tiyo da bakin regileta, in kaga tana ƙwai-ƙwai akwai yoyo. Makon jiya ma sai da na fizge ashana a hannun wani yaro mai kawo gas, ya ƙyasta zai gwada min a cikin kicin, wai haka ogansa ya koya masa.