Yadda ake haɗa bikin ba da kyaututtuka da gidauniyar makaranta

A kafa kwamitin mutum 5 daga ƙungiyar iyaye da malamai tun saura mako 6. Su tsayar da buƙata guda ɗaya, kamar rufin ajin da iska ta yaye, su karɓo kiyasin kafinta a rubuce. Mutane sun fi sakin hannu idan sun san inda kuɗinsu zai tafi.

A fara da ƙarfe 9 na safe, a tashi kafin azahar, domin da zarar rana ta take, rumfa takan watse. Kyaututtuka su riga gidauniya: uban da ya ga 'yarsa ta karɓi littattafai ana tafa mata ba ya jin nauyin sa hannu a aljihu. Kada a tsaya kan na ɗaya zuwa na uku; a tuna da mai tsafta da wanda bai taɓa makara ba.

Alƙawari shi ne inda ake yawan faɗuwa. A rubuta sunan mai alƙawarin, lambar wayarsa da ranar cikawa nan take. Mutum 2 su ƙirga tsabar kuɗi a gaban shaida, a ba da rasit, a kai banki washegari, sannan a manna lissafin a allon sanarwa.