Tafiya da ƙarfe a hannu: wace rana ce ta dace da dattijo?

Iyayenmu da yayyenmu na nan Jidda da Makka da kuka fara leƙa nadi, wato gidan motsa jiki, kuna ɗaga ƙarfe, wannan atisayen ba wani siddabaru a ciki, dambel biyu ne, wato gajerun ƙarafan nan na ɗagawa da hannu, ɗaya a kowane hannu, a miƙe tsaye ƙyam a yi tafiya da su. Yana ƙarfafa riƙo da kafaɗa da ƙugu lokaci guda. Kuma riƙon nan ba abin wasa ba ne, wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2015 kan mutum kusan 140,000 a ƙasashe 17 ya nuna raunin riƙo na tafiya tare da haɗarin ciwon zuciya da mutuwa da wuri. Inda ake yin kuskure shi ne wajen sa masa lokaci.

Ku bar shi sai ƙarshe, minti 10 na ƙarshe kafin ku fita. Dalili kuwa yatsu ne ke fara gajiya, in kuka fara da shi sannan kuka zo ɗaga doguwar sandar ƙarfe mai nauyi daga ƙasa za ku ji tana zamewa, mutum ya yi ta ƙoƙarin cafke ta, bayansa ya lanƙwashe bai ma sani ba, kuma bayan ɗan shekara 60 ba ya yafe irin wannan.

Sau biyu a sati ya isa, da kwana biyu a tsakani, misali Lahadi da Laraba. Dama Hukumar Lafiya ta Duniya kwana biyu ta ce mafi ƙaranci na ƙarfafa tsoka. Lahadi mai nauyi amma gajere: mita 20 zuwa 30, zagaye uku ko huɗu, a huta minti biyu tsakani. Laraba hannu ɗaya kawai kamar mai riƙe da akwati a filin jirgi, nauyi kaɗan, sakan 40 kowane gefe, kar a bari jiki ya karkata wajen ƙarfen. Ni wannan na Laraba na fi so wa dattawa, shi ke koya wa jiki daidaito. Abu ɗaya dai, kar atisayen mai nauyin, irin na Lahadi, ya faɗo ana gobe za ku ɗaga sandar daga ƙasa, jijiyar gwiwar hannu ba ta warwarewa da sauri irin tsoka.

Nauyin farawa? Galan ɗin zamzam mai lita 5 kilo 5 ne, wanda ke ɗaukar biyu ba haki zai iya farawa da kilo 8 kowane hannu. Ku fara ƙara nisa tukuna, bayan sati biyu sannan a ƙara kilo 2.

Masu hawan jini, a yi wa likita magana kafin nan, kuma don Allah kar a riƙe numfashi, a dinga shaƙa ana fitarwa ana tafiya. Da bazara kuwa cikin esi ko bayan Isha'i, ba a rana tsaka ba. Da azumi sau ɗaya a sati bayan tarawihi ya wadatar. In kuka ji ƙafa ta fara jan ƙasa ko kafaɗa ta zube gaba, a durƙusa da gwiwa a ajiye ƙarfen, ko da saura mita biyar.