Kurakuran da aka fi yi wajen ɗaukar hoton ƙullutu kafin tiyata

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne a yanke ƙullutu ba a ɗauki hotonsa ba. Mutum ya zo da kumburi a cinya, a lalluba a ce kitse ne, a cire. Bayan makonni sakamakon gwajin nama ya dawo, ashe sankarar tsoka ce, wadda likitoci ke kira sarkoma. Kafin nan wuƙa ta riga ta watsa cutar cikin naman da ke kewaye, dole a sake aiki mai faɗi, wani lokaci har ƙafar ta salwanta.

Gaskiya ne yawancin ƙullutai kitse ne marar illa. Amma wanda ya wuce santimita 5, wato kamar ƙwan kaza, ko yake can cikin tsoka, ko yake ƙara girma, ko ya dawo bayan an cire, a fara da hoto. Rashin zafi kuwa kada ya kwantar wa kowa da hankali, sarkoma da yawa shiru take girma.

Wasu kuma eksire suke yi, a ce musu hoto ya fito lafiya, su koma gida. Ai eksire ƙashi ya fi nunawa. Sikanin na altirasawun yana da amfani ga ƙaramin ƙullutu na kusa da fata, yana bambanta mai ruwa da mai nama. Mai zurfi kuwa sai MRI, wato hoton cikin jiki da injin maganaɗisu ke ɗauka, domin shi ke nuna iyakar ƙullutun da kusancinsa da jijiyoyi da ƙashi. Na san yana da tsada, ba kuma kowane gari ke da injin ba, amma tiyata ta biyu ta fi shi tsada nesa ba kusa ba.

Akwai masu gaggawar gutsuro nama da allura don gwaji kafin MRI. Jini da kumburin da allurar ta haifar suna dagula hoton. A yi MRI tukuna, sannan likitan da zai yi tiyatar ya zaɓi inda allurar za ta bi, saboda hanyar ma sai an yanke ta tare da ƙarin.

Idan sarkoma ta tabbata, kada a manta da hoton CT na ƙirji, wato eksire na kwamfuta mai nuna jiki yanki-yanki, domin huhu ne inda ta fi yaɗuwa. Mai ciwon ƙoda, ko mai ƙarfe ko na'urar bugun zuciya a jiki, ya faɗa kafin a shigar da shi injin MRI. Ranar ganin likita a zo da ainihin faifan hoton, takardar rahoto kaɗai ba ta isa a tsara aiki ba. In hoton ya yi watanni, a sake wani.