Kurakuran da aka fi yi wajen tantance masu izinin shiga manhajar kamfani

Dillalan siminti, manyan shagunan magani da makarantun kuɗi da dama a Sakkwato sun mayar da lissafinsu cikin manhaja irin su QuickBooks, Sage ko Odoo. Ana iya fitar da jerin masu shiga manhajar da izinin kowannensu, a buɗe a Excel. Fitar da jerin ba wuya, wajen karanta shi ake tuntuɓe.

Babban kuskure shi ne duba jerin shi kaɗai. Manaja ya bi sunaye da ido, ya ga duk ya san su, ya sa hannu. To ai dole ya san su. Ya san kashiyan da ya bar aiki tun kafin azumi, ya san ɗan bautar ƙasa da ya gama ya koma garinsu, ya san ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ya zo sanin makamar aiki na 'yan watanni. Gyaran shi ne a ɗauko jerin albashin wannan watan, a sa shi a shafi na biyu, a gwada su da VLOOKUP ko XLOOKUP, wato dabarun Excel na nemo abin da ke jeri ɗaya a cikin wani jerin. Duk wanda ke manhaja amma babu shi a albashi, a nemi dalili a ranar.

Kada a yi gwajin da suna. Mutum ɗaya ne Muhammad a albashi, Mohammed a manhaja, Muh'd a takardar ɗaukar aiki, ga kuma Abubakar uku a ofis guda. Lambar ma'aikaci ita ce abin dogaro. Ita ma tana da tarko: idan jerin ya fito a fayil ɗin CSV (tebur na zallan rubutu) ka buɗe shi kai tsaye, Excel na cinye sifirin farko, 0045 ta koma 45, sai ka ga #N/A, alamar ba a samu lambar ba, ta cika shafi. Ka shigo da fayil ɗin ta sashen Data, ka sa layin lambobin ya zama Text. In har ya ƙi, sa TRIM ya share gurbin da ya maƙale a ƙarshen lamba.

Wani kuskuren, a ga an rubuta "Sales" gaban sunan mutum a wuce. Me wannan muƙamin yake ba shi damar yi? Zai iya sauya farashi? Zai iya goge rasit bayan an karɓi kuɗi? Nan ya kamata a ɓata lokaci. Ka yi tebur, sunaye a gefe, ayyuka a sama, ka nemo wanda ke iya shigar da sabon mai kawo kaya kuma shi ne ke amincewa a biya shi, ko mai kula da sito da ke iya gyara adadin buhuna da kansa. Galibi ba mugun nufi ya kawo haka ba. An sauya wa mutum wurin aiki ne aka ƙara masa sabon izini, ba a cire tsohon ba.

Asusun shiga manhaja na haɗaka irin "kashiya1" kuwa, rahoton ba zai taɓa gaya maka wa ya zauna a kujerar ba. A ba kowa nasa. A duba kuma asusun admin, wato mai cikakken izini, na wanda ya zo ya girka manhajar, sau da yawa yana nan a buɗe.

Kafin ka ƙirga komai ka tabbata babu filta mai ɓoye wasu layuka da aka manta, sannan ka rubuta ranar da aka fitar da rahoton. Kada fayil ɗin ya riƙa yawo a zauren WhatsApp na ma'aikata, yana ɗauke da bayanan mutane, kuma Najeriya na da dokar kare bayanai ta 2023.

Shafa wa suna jan launi a Excel ba ya rufe asusun kowa. A shiga manhajar a dakatar da asusun, ba a goge shi ba, don tarihin cinikinsa ya tsaya. Sannan a sake fitar da rahoton a tabbatar sunan ya fita daga masu izini.