Toka da yashi a zuciyar masara

'Yan'uwa manoma, kafin ku sayi maganin feshi, ku gwada wannan.

Ku haɗa toka da yashi mai laushi, ku zuba ɗan kaɗan cikin zuciyar masarar da tsutsar nan mai cin ganyen masara, wadda ake kira fall armyworm da Turanci, ta kama.

Uwar wannan tsutsa malam-buɗe-littafi ce ta dare. Da dare take zuba ƙwai a ganye, sama da ɗari a wuri guda. Daga nahiyar Amurka ta fito, a 2016 aka fara ganinta a Najeriya.

Da rana tsutsar tana lafewa can cikin zuciyar shuka. Shi ya sa feshin tsakar rana yakan zama asarar kuɗi. Yashi kuwa yana gangarawa har inda take, ya kuje mata fata, toka ta busar da ita.

Ku shiga gona da sassafe. Inda kuka ga ganye ya huje, ga kashi kamar dusa a tsakiya, tana nan. In kun ga ƙwai, ku murje da yatsa.

Amma fa sai masara tana ƙarama. Da zarar ta yi goyo, tsutsa ta shige ciki, toka ba ta isa gare ta. Mai babbar gona kuma hannu ba zai isa ba. In zai yi feshi, ya bari sai yamma.