Bayan tiyatar ƙarin jijiyar kunne: kurakuran da ke hana jiri tafiya

Ƙarin da ke fitowa a kan jijiyar da ta haɗa can cikin kunne da ƙwaƙwalwa ba ciwon daji (kansa) ba ne, amma cire shi yakan tafi da jijiyar da ke daidaita tsayuwa ta wannan ɓangaren, sau da yawa har da ji. Shi ya sa mutum kan farfaɗo ya ga ɗaki na juyawa, in ya miƙe sai tangaɗi. Jijiyar da aka yanke ba ta komawa bakin aiki. Ƙwaƙwalwa ce za ta koyi dogaro da kunnen da ya rage, da idanu, da abin da tafin ƙafa ke ji, kuma ba ta koyo sai ana motsi.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa daga tausayi yake fitowa. 'Yan dubiya su cika ɗaki, kowa na cewa, "Baba kwanta ka huta, kada ka motsa kai." Sai mutum ya ƙame wuya, in an kira shi ya juyo da gangar jikinsa gaba ɗaya. Jirin kan lafa a kwance, amma ranar da ya tashi yana nan yana jiransa. Tun cikin shekarun 1940 likitoci biyu a Landan, Cawthorne da Cooksey, suka tsara atisayen kai da ido saboda sun lura masu motsi sun fi saurin warwarewa. Da zarar likitan tiyata ya ba da izini, a fara zama a bakin gado, sannan tsayuwa, sannan 'yar tafiya da mai riƙo a gefe.

Atisayen da likitan fisiyo, wato mai gyaran jiki ta hanyar motsa jiki, zai fi nanatawa ba shi da tsada. A rubuta harafi ɗaya babba a takarda, a miƙa hannu da ita daidai ido, a kafa wa harafin ido, a riƙa juya kai dama da hagu kamar mai cewa a'a na tsawon minti 1, sannan sama da ƙasa. A maimaita sau 3 zuwa 5 a yini. Inda ake ɓata shi shi ne sauri: in harafin ya fara dishi-dishi ko rawa, an wuce gona da iri, a rage. Wasu kuma da sun ji jiri kaɗan sai su ajiye takardar. Ai wannan ɗan jirin ake nema, matuƙar ya lafa bayan 'yan mintoci. Wanda ya kai ga amai ko ya wuni bai sauka ba, shi ne alamar an zarce.

Sai maganin jiri. Stugeron da Stemetil suna da amfani a kwanakin farko, amma a ci gaba da sayensu a kemis makonni a jere yana kwantar da saƙon da ƙwaƙwalwa ke bukata don ta gyara kanta. A tambayi likita ranar dainawa.

Duhu kuwa ana raina shi. Wanda ke tafiya garau da rana na iya kifewa a hanyar masallaci da asuba, don idon da yake dogara da shi ba ya gani. A riƙe tocila, a bar fitila a hanyar banɗaki, a kula da santsin wurin alwala. Salla a zaune a farko ba laifi, ruku'u da sujada su dawo a hankali da yardar likita. Wanda ya rasa jin kunne ɗaya ba ya gane ta inda ƙarar babur ke zuwa, don haka ya waiga sosai kafin tsallaka titi. Tuƙi kam sai likita ya amince.

Akwai abin da ba na atisaye ba ne. Ruwa garai-garai yana ɗiga daga hanci ko kunne ko wurin ɗinki, ɗanɗanon gishiri a maƙogwaro, zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko ciwon kai mai ƙaruwa: a koma asibiti nan take, kada a ce mura ce. Haka in idon ɓangaren da aka yi wa aiki ba ya rufuwa, a nemi maganin ɗigawa kafin ya bushe.